Idan Uwa ko Uba Ya Tsallake da Yaro Ƙasar Waje: Matakan Shari'a Bi da Bi

Tambayar nan tana yawan zuwa, kowa da irin tasa, amma ciwon ɗaya ne. Wata tana zaune a Ingila, maigidanta ya ce zai kai yara Kano su gaida kakanni, hutu ya ƙare, ya ce ba za su dawo ba. Wani yana Kaduna, tsohuwar matarsa ta tafi Umara da 'yarsu, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wata kuma ko jirgi ba a hau ba, mota ce ta tsallaka Jibiya ta nufi Maraɗi da yaron da ko yaye shi ba a yi ba. Duk abin da suke son sani shi ne ta ina za a fara, kuma wa za a kai wa kuka.

Ga matakan a jere. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma uwa da uba duka nake nufi. A riƙe abu biyu tun daga nan. Kotun da za ta iya sa a miƙo maka yaro ita ce ta ƙasar da yaron yake a yanzu, ba ta inda kake ba. Sannan duk watan da ya wuce kana jira, hujjar wanda ya ɗauke shi ƙarfi take ƙarawa.

1. Fara tantance abin da ya faru a idon doka

Mutanenmu kan ce uba ba ya satar ɗansa. A zuci haka ne, amma dokokin ƙasashe da yawa ba su yarda da wannan ba. Abin da suke dubawa shi ne ko an raba yaro da inda ya saba zama ba tare da yardar ɗaya mai haƙƙi a kansa ba, kuma ba tare da izinin kotu ba.

Abin iri biyu ne. Akwai ɗaukewa, wato an fita da yaro ba ka sani ba ko ba ka yarda ba. Akwai kuma riƙewa, wato ka yarda a tafi da shi na wani lokaci, lokacin ya cika, aka ƙi dawo da shi. Na biyun ya fi yawa a cikin al'ummarmu, saboda hutun Sallah, biki, gaisuwar rasuwa da Umara duk dalilai ne da ba wanda zai ce a'a. Ka rubuta ranar da abin ya faru. Idan ɗaukewa ce, ranar tafiya. Idan riƙewa ce, ranar da aka yi alkawarin dawowa, ko ranar da aka fito fili aka ce maka ba za a dawo ba. Daga wannan rana ake fara duk wani lissafi.

Sai ka tabbatar kana da haƙƙin riƙo a dokar ƙasar da yaron ya saba zama. Gargaɗi ga iyaye maza mazauna Ingila: ɗaurin auren da aka yi a masallaci ko a gida can, ba a yi masa rajista ba, doka ba lallai ta ɗauke shi aure ba. Abin da zai cece ka shi ne sunanka a takardar haihuwar yaron, domin duk uban da aka rubuta sunansa a rajistar haihuwa ta Ingila daga 1 ga Disamba 2003 yana da haƙƙin iyaye ko da babu auren rajista.

2. Idan ba su riga sun fita ba

Wannan matakin na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba. Idan ka ga alamu, kamar fasfon yaro ya ɓace daga inda ake ajiye shi, an cire shi daga makaranta, ana sayar da kayan ɗaki, kada ka tsaya neman tabbaci.

A Ingila ka kira 'yan sanda ka ce ana shirin fita da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Suna iya sa sunansa a jerin sanarwar da ake aika wa filayen jirgi da tashoshin ruwa, kuma sanarwar tana aiki kwana 28. Cikin waɗannan kwanaki lauya zai nemo maka umarnin kotu na hana tafiya da na ƙwace fasfo. A Amurka akwai shirin Ma'aikatar Harkokin Waje da ke sanar da uwa ko uba idan an nema wa yaro fasfo, kuma jami'an kan iyaka suna iya tare yaro idan akwai umarnin kotu da ya hana fita da shi. Ba tare da wannan umarni ba, babu mai tsayar da kowa a filin jirgi. A Faransa ana zuwa ofishin gwamnan yanki a nemi dakatarwar gaggawa mai kwana 15, kafin alƙalin iyali ya ba da hani mai ɗorewa.

A Najeriya lauyanka zai nemi umarnin wucin gadi daga kotu ba tare da an sanar da ɗaya ɓangaren ba, sannan a kai kwafinsa hannu da hannu ga Hukumar Shige da Fice da 'yan sanda, a karɓi shaidar an karɓa. Gaskiyar magana, wannan yana aiki ne a filayen jirgi kamar na Kano, Abuja da Legas. Hanyoyin Illela, Jibiya, Kongolam da Maigatari wani labari ne daban.

Kuskuren da aka fi yi a nan: mutum ya ɓoye fasfon yaro na Birtaniya ko na Amurka ya saki jiki, ya manta yaron yana da damar samun fasfon Najeriya ko na Nijar. Ka rubuta wa ofishin jakadancin ƙasarku cewa ba ka yarda a ba yaron fasfo ko takardar tafiya ta gaggawa ba, ka haɗa da kwafin umarnin kotu in akwai.

3. Kame harshe, ka bar shaida a rubuce

Zan daɗe a nan, domin a nan ake yin asarar da ba a iya gyarawa.

Tarbiyyarmu ta koya mana haƙuri da kawaici. Uwa tana jin nauyin ta tsaya gaban surukai tana jayayya a kan ɗa, balle ɗan fari. Manya za su ce a bari ƙura ta lafa, a bari a gama azumi, a bari Alhaji ya dawo daga tafiya. Duk da kyakkyawar niyya suke faɗa. Amma alƙalin Landan ko na Paris bai san kawaici ba. Idan ya ga wata shida sun wuce ba ki ce uffan ba, kuma aka nuna masa saƙonki da ke cewa "ba komai, Allah ya raya su", zai iya fassara shi da cewa kin amince. Amincewa bayan an tafi da yaro tana cikin hujjojin da doka ta yarda a ƙi dawo da shi saboda su.

Don haka, a ranar farko ka aika saƙo a rubuce, cikin ladabi, ba zagi ba barazana. Ka ce ba ka yarda da tafiyar ko riƙewar ba, kana neman a dawo da yaron gida zuwa rana kaza. Ka aika ta WhatsApp da imel, ka ɗauki hoton saƙon da ranarsa. Kada ka goge tsofaffin hirarrakinku, musamman inda aka ce "sati uku za mu yi". Saƙon murya ma shaida ne, ka adana shi a wani wuri ban da wayarka.

Kada ka aika da kayan yaron, takardar canjin makaranta ko katin asibitinsa, domin za a ce da hannunka ka taya shi tarewa. Kuɗin ciyarwa kuwa ka ci gaba da aikawa ta banki, kana rubuta cewa na ciyar da yaro ne kafin ya dawo. Ka ci gaba da kiransa a waya ko da ana katsewa, kana rubuta ranakun da aka hana ka.

Ban ce a ƙi sauraron manya ba. A saurare su, a ba su girmansu, amma sulhu da shirin shari'a su tafi tare. Kuma a nisanci Facebook da TikTok. Bidiyon kuka da tona asiri yakan sa wanda ya ɗauki yaro ya canja gari, sannan lauyansa ya kai wa alƙali bidiyon a matsayin shaida a kanka.

4. Tara takardu

Takardar haihuwar yaro, takardar aure ko ta saki, duk wani hukuncin kotu kan riƙo, kwafin fasfonsa da na wanda ya tafi da shi, sababbin hotunansu biyu, tikitin jirgi mai ranar dawowa, da adireshin duk dangin da kake zaton za a sauka wurinsu. Sai abin da ke nuna inda rayuwar yaron take: wasiƙar makaranta ko Islamiyya, katin rigakafi, rajistar asibiti, takardar hayar gida.

Takardun Najeriya da za a kai kotun waje sukan buƙaci hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan na ofishin jakadancin ƙasar da za a kai su. Hukuncin kotun Shari'a da aka rubuta da Hausa ko Larabci sai an fassara shi ta hannun mai fassarar da kotu ta yarda da shi. Wannan yana cin makonni, don haka a fara shi tun a makon farko.

5. Duba ko Yarjejeniyar Hague ta shafe ka

Ita ce yarjejeniyar 25 ga Oktoba 1980 kan ɗauke yara zuwa wata ƙasa, kuma ƙasashe fiye da 100 suna cikinta. Akwai Birtaniya, Amurka, Kanada, Faransa, Jamus, Italiya da Turkiyya. A Afirka akwai irin su Afirka ta Kudu, Maroko, Tunisiya da Burkina Faso. Najeriya ba ta ciki. Nijar, Chadi, Sudan, Masar, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa su ma ba sa ciki.

Ba fasfon yaron ake dubawa ba, inda ya saba zama ake dubawa. Yaro ɗan Najeriya da ke zaune a Birmingham ta Ingila aka kai shi Amurka, yarjejeniyar ta shafe shi. Wanda aka ɗauko daga Birmingham zuwa Katsina, ko daga Katsina zuwa Birmingham, ba ta shafe shi ba, sai a tsallaka zuwa mataki na 8. Dole ƙasashen biyu su kasance a ciki, kuma idan ɗaya daga baya ta shiga, sai ɗayar ta karɓi shigarta kafin yarjejeniyar ta yi aiki tsakaninsu. Jadawalin wannan yana shafin intanet na hukumar Hague mai kula da yarjejeniyar. Dole kuma yaron ya kasance bai cika shekara 16 ba. Ranar da ya cika, maganar ta ƙare ko da ana tsakiyar shari'a.

6. Shigar da buƙata a ƙarƙashin yarjejeniyar

Kowace ƙasa tana da ofishin da aka ɗora wa wannan aiki. A Ingila da Wales sunansa ICACU. A Amurka Ofishin Al'amuran Yara ne na Ma'aikatar Harkokin Waje. A Faransa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Za ka cike fom, ka haɗa takardun mataki na 4, ka rubuta bayanin yadda abin ya faru da kwanakinsa. Ofishin ƙasarka zai tura wa takwaransa na ƙasar da yaron yake, su taimaka a gano inda yake, a nemi a dawo da shi cikin lalama, in ya ƙi a kai kotu. Ofisoshin ba sa karɓar kuɗin aikinsu.

Ka fahimci irin shari'ar da za a yi. Ba za a tambayi wa ya fi iya tarbiyya ba, ko wa ya jawo mutuwar auren. Tambayar ita ce a wace ƙasa ya kamata a yi shari'ar riƙo. Saboda haka bayanin da ya cika da laifuffukan tsohuwar mata ko tsohon miji ɓata takarda ne. Ka tsaya kan abu uku: yaron a nan yake zaune, ina da haƙƙi a kansa kuma ina amfani da shi, ban yarda da tafiyar ba. Da zarar an sanar da kotun can cewa akwai wannan buƙata, ba ta da ikon yanke hukuncin riƙo sai an gama da maganar dawowa. Wannan kariya ce babba, domin abu na farko da mai ɗauke yaro yake yi shi ne ya ruga kotun garin da ya sauka ya nemi riƙo.

Gargaɗi kan lokaci, kuma shi ne mafi muhimmanci a duk jagorar nan. Idan aka shigar da ƙara kafin shekara guda ta cika, wajibi ne kotu ta ba da umarnin dawo da yaro, sai in an kafa ɗaya daga cikin hujjojin mataki na gaba. Bayan shekara, wanda ya ɗauke shi yana iya cewa yaron ya riga ya saba da sabon wuri, kuma kotu tana iya yarda. Shekarar tana tsayawa ne ranar da ƙara ta shiga kotun ƙasar da yaron yake, ba ranar da ka cike fom a ƙasarka ba. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2014 cewa ko ɓoye yaron aka yi, lissafin shekarar ba ya tsayawa. Yarjejeniyar ta so a gama shari'a cikin mako shida, kuma idan an wuce haka kana da damar neman a faɗa maka dalilin jinkiri. A aikace ana wuce hakan sau da yawa, musamman idan an ɗaukaka ƙara.

7. Shirya wa hujjojin da za a kawo a kanka

Kaɗan ne, kuma nauyin tabbatar da su yana kan wanda ya ɗauki yaron. Zai iya cewa ka yarda tun farko ko ka amince daga baya. Zai iya cewa ba ka kula da yaron ba dama, ba ka zuwa ganinsa. Zai iya cewa yaron da kansa ya ƙi komawa, kuma idan ya yi wayon da za a saurare shi, kotu za ta sa jami'in kula da yara ya gana da shi. Sai babbar cikinsu, wato komawar za ta jefa yaron cikin mummunan haɗari ga jikinsa ko hankalinsa.

Wannan ta ƙarshen ba abin rainawa ba ce. Akwai matan da duka da azaba suka kora, suka gudu da 'ya'yansu don tsira, kuma doka ta yi daidai da ta buɗe musu wannan ƙofa. Idan ke ce a wannan hali, ki nemi lauya tun kafin sammaci ya iso, ki tara rahoton asibiti da na 'yan sanda. Idan kuma kai ne mai neman a dawo da yaro, ka shirya alkawuran da za su kwantar wa alƙali da hankali: za ka biya kuɗin jirgi, za ka samar musu wurin zama daban, ba za ka tare su a filin jirgi ba, ba za ka raba yaron da uwarsa ba kafin kotun gida ta zauna. Sau da yawa waɗannan alkawura ne suke sa a ba da umarnin dawowa.

8. Idan yarjejeniyar ba ta shafe ka ba

Yawancin masu karanta wannan a nan suke. Hanyar ta fi tsawo, amma akwai ta.

Idan Najeriya aka kawo yaron daga waje, hukuncin kotun Ingila ko Amurka ba ya aiki da kansa a nan. Dokar da ke ba da damar zartar da hukuncin kotunan waje ta shafi bashin kuɗi ne, ba riƙon yara ba. Dole a buɗe sabuwar ƙara a jihar da yaron yake, a gabatar da hukuncin wajen a matsayin shaida. Duk da haka a nemo shi, domin yana da nauyi, kuma Babbar Kotun Ingila tana iya mai da yaro ƙarƙashin kulawarta ta umarci uban ya dawo da shi, umarnin da zai kama shi duk ranar da ya sake taka ƙasar.

Wace kotu za a je ya danganta da irin auren. Auren rajista Babbar Kotun jiha ake zuwa, kuma sashe na 71 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya sa maslahar yaro gaba da komai. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ma haka ta ce, ta kuma tanadi kotun iyali, amma a Abuja take aiki kai tsaye, jihohi kowace da tata. Auren Musulunci kuwa kotun Shari'a ake zuwa, kuma a nan uwa tana da ƙarfi fiye da yadda mata da yawa suke zato. A mazhabar Malikiyya ita ce ta fi cancantar reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin ya faɗi daga hannunta, kamar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, mahaifiyarta ce ke biye, ba uban ba.

Sai dai ke uwa, ga inda za a kama ki. Malaman Malikiyya sun yi magana kan tafiya mai nisa: idan mai reno ta ƙaura da yaro nisan baridi shida daga waliyyinsa, wato kilomita ɗari da 'yan kai, haƙƙinta yana iya faɗuwa, haka kuma waliyyin da ya ƙaura don zama na dindindin yana iya neman tafiya da yaron. Lauyan uban zai ɗauko wannan. Ki samu lauyan da ya san fiƙihu sosai, wanda zai nuna cewa can ɗin ne mazaunin iyalin da yardar uban kansa, kuma abin da ya yi ba ƙaurar gaskiya ba ce, dabara ce ta raba uwa da ɗa. Ki nemi kotu ta ba da umarnin a kawo yaron gabanta, a ajiye fasfonsa a wurinta, a hana fitar da shi daga jihar, a kuma ba ki damar ganinsa tun kafin a gama shari'a. Wadda ba ta da hali ta tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya.

Idan daga Najeriya aka fita da yaron zuwa Ingila, kana iya shigar da ƙara a Babbar Kotun can ka nemi a dawo da shi cikin gaggawa. Majalisar alƙalan ƙoli ta Birtaniya ta bayyana a 2005, a wata shari'a da ta shafi Saudiyya, cewa a irin wannan hali maslahar yaron kaɗai ake dubawa, kuma tana iya sa a mayar da shi ƙasarsa nan take. Babu tilas kamar na yarjejeniyar, don haka saurin zuwanka da ƙarfin shaidarka su ne jarinka. Ka fara samo hukuncin riƙo daga kotun gida ka tafi da shi. A Amurka kotun jihar da yaron yake ake kai wa hukuncin, kuma tsarin dokar riƙo da kusan duk jihohi ke bi yana girmama hukuncin wata ƙasa idan an ba ɗaya ɓangaren damar kare kansa. Shi ya sa hukuncin da aka samo a ɓoye, ba a aika wa matar sammaci ba, ba ya da amfani a can.

Idan Nijar ce, kotunan can suna bin al'adar masu shari'a a sha'anin iyali, kuma doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa. Wasiƙa daga hakimi ko masarautar garinku zuwa takwararta ta Maraɗi, Damagaram ko Ƙonni takan buɗe ƙofar da takardar lauya ba ta buɗe ba. A fassara takardu zuwa Faransanci. Idan Saudiyya ce ko Dubai, sai lauyan can da kotun can, da fassarar Larabci, kuma ka sani kotu tana iya hana fita da yaron har a gama shari'a.

Ofishin jakadanci zai iya ba ka jerin lauyoyi, ya nemi a bar shi ya duba lafiyar yaron, ya yi masa takardar tafiya idan kotu ta yarda. Ba zai iya shiga gida ya ɗauko shi ba. A Najeriya a rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan ƙasa mazauna waje. Duk wanda lamarinsa ya taɓa Birtaniya ya kira ƙungiyar Reunite, wadda wannan ne aikinta, tana ba da shawara kuma tana shiga tsakani.

9. 'Yan sanda da tuhumar laifi

Fita da yaro ba izini laifi ne a Birtaniya tun dokar 1984. A Amurka dokar tarayya ta 1993 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku. A Najeriya sashe na 27 na Dokar Haƙƙin Yara ya haramta ɗauke yaro daga hannun mai riƙonsa na halal, kuma hukuncin ya fi tsanani idan an fitar da shi waje. Idan ba a san inda yaron yake ba, 'yan sandan ƙasarka suna iya neman hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ta fitar da sanarwarta mai launin rawaya, wadda ake yi don mutanen da suka ɓata.

Amma a yi hattara. Neman yaro daban, neman a ɗaure uwarsa ko ubansa daban. Takardar kamu tana iya sa mutum ya ƙara nutsewa, ko ya ce wa alƙali ba zai iya rako yaron gida ba tunda kama shi za a yi, alƙali kuma ya ji tausayin yaron ya ƙi ba da umarni. Bayan haka, tuhuma in ta shiga hannun hukuma ba kai ke da ikon janye ta ba. A ganina a ajiye wannan makami sai lauya ya ce lokacinsa ya yi.

Kada kuma ka je ka sato yaron da kanka, ko ka biya wasu su sato maka. A ƙasar da za ka yi hakan kai ne mai laifi, za ka iya ƙarewa a kurkuku, shari'ar da kake da gaskiya a cikinta ta juye maka, yaron kuma ya sha firgici karo na biyu.

10. Kuɗi

Idan yaron yana Ingila ko Wales kuma ta hanyar yarjejeniyar ka zo, gwamnati ce ke biya maka lauya ba tare da duba samunka ba. Idan daga Najeriya ka zo ba haka ba ne, sai an duba halinka da ƙarfin ƙararka. Amurka ba ta ɗaukar nauyin lauya, sai dai ofishinta yana haɗa marasa hali da lauyoyin da ke aiki kyauta ko da rangwame, kuma idan ka yi nasara dokarsu ta ce a ɗora wa wanda ya ɗauki yaron kuɗin da ka kashe, sai in hakan bai dace ba. Don haka ka adana kowane rasit. Sauran abin da ke cin kuɗi shi ne fassara, hatimin takardu, biza, jirgi da masauki, da lauya biyu, ɗaya a kowace ƙasa. Ka tambayi lauya tun farko ko ya taɓa yin irin wannan shari'a, ku rubuta kuɗinsa a takarda. A shari'ar yarjejeniya galibi da rubutacciyar shaidar rantsuwa ake aiki, wani lokaci a ji ta bakinka ta bidiyo, saboda haka rashin biza ba dalilin fasawa ba ne.

11. Sulhu da ranar dawowa

Idan an daidaita, ko ta hannun dangi ko ta hannun masu shiga tsakani, kada a bar shi a baki. A rubuta inda yaron zai zauna, lokutan hutu, kiran waya, wanda zai riƙe fasfo da wanda zai biya jirgi. Sannan a kai wa kotunan ƙasashen biyu, kowace ta mai da shi umarninta da kalmomi iri ɗaya, yadda duk ɓangaren da aka karya alkawari akwai alƙalin da zai iya tilastawa. Kada ka janye ƙararka sai umarnin biyu sun fito.

Idan hukunci ne aka yanke, ka nemi a rubuta ranar tafiya, lambar jirgi, wanda zai raka yaron, da wanda zai riƙe fasfo har bakin jirgi. A zaɓi jirgin da ba ya yada zango in da hali. Idan fasfon ya ɓace ko ya ƙare, a nemi takardar tafiya ta gaggawa tun kafin ranar. Kafin su sauka, lauyanka na gida ya riga ya samo ranar zama a kotu, domin umarnin dawowa bai ba ka riƙo ba, shari'ar riƙon yanzu za a fara ta. A zaman farko ka nemi fasfunan yaron duka biyu su zauna a hannun kotu ko na lauya, a kuma tsara yadda zai riƙa ganin ɗaya mahaifin nasa a wurin da aka amince da shi.